Kan tambayarka ta kallon tsuntsaye a maƙabarta

Ɗana, saƙonka ya iso, kuma sai da na sa aka sake karanta mini shi, domin da farko na ɗauka wasa kake yi da kawunka. Ka ce kana so ka riƙa shiga maƙabartar Ɗan Marna ta nan Katsina da sassafe, da madubin hangen nesa da littafin rubutu, ka ƙirga tsuntsaye, saboda nan ne kaɗai manyan itatuwa suka rage a kusa da ku, kana tambaya ko al'ada ta yarda. Na yi dariya, daga baya kuma na yi shiru.

Ni ma na taɓa shiga wurin saboda tsuntsu, amma da danƙo na shiga. A zamanin Sarki Usman Nagogo ne, ina ɗan shekara 10 ko ƙasa da haka, ana gab da faɗuwar damina, shamuwa ta riga ta iso tana jan ƙirare zuwa kan itatuwa. Na fake a bayan wata magarya na harbo kurciya, ta faɗo daidai kan wani sabon kabari wanda ƙasarsa ba ta gama bushewa ba. Ina miƙa hannu sai na ji an riƙe mini kunne. Wani tsoho ne mai haƙan kabari, gwiwoyinsa duk jar ƙasa. Bai dake ni ba. Ya sa na cire takalmi, ya sa na yi wa mazauna wurin sallama da babbar murya har sau uku, sannan ya ba ni guntun ƙarfe ya ce in haƙa rami can gefe in rufe kurciyar. Ina haƙa ina kuka, shi kuwa yana zaune yana ba ni labarin 'ya'yan Annabi Adamu, yadda hankaka ne ya nuna wa ɗan Adam yadda ake binne gawa, kamar yadda ya zo a Suratul Ma'ida. Muna cikin haka alhudahuda ya sauka kusa da mu ya buɗe tukkunsa, tsohon ya ɗora yatsa a baki, muka zuba masa ido har ya gama tonon abin da yake tono ya tashi. Ban taɓa kallon tsuntsu da kyau ba sai ranar.

Da na koma gida, kakarmu ta ce abin da ya nemi mafaka wurin matattu, mai rai ba ya taɓa shi. Mahaifinmu kuwa cewa ya yi, maƙabarta gidan mutane ce, kuma ba a shiga gidan mutane a ba su baya ana kallon rufin ɗaki. Wannan maganar tasa ce ta dawo mini da na ji kana zancen ɗaga kai sama da madubi, domin mai bin cilakowa da ido daga reshe zuwa reshe ba ya ganin inda ƙafarsa take sauka, kuma tsofaffin kaburburan wurin da yawa sun baje, ba a gane su sai an lura.

Abin da ya fi damuna ma ba kai ba ne. Tun da aka rufe Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa a can a 2010 nake ganin samari suna zuwa jana'iza da waya a hannu, ana saka mamaci suna ɗaukar hoto. Kuma mu da muke yi muku faɗa, mu muka sare tsamiya da kuka muka zuba siminti, har ungulu da ke cika mahauta a da ta zama abin nema.

Kada ka je kai kaɗai tukuna, kada kuma ka shiga ana tsakiyar rufe wani. Ka bari sai Juma'ar da ke tafe mu je ziyara tare, ka gaisa da masu kula da wurin, in nuna maka inda kakanka yake kwance. Ka zo da madubin a cikin jaka, domin ina so in gani ko shamuwa tana sauka a can har yanzu.