Amsa kan tamomita da ya fashe a lab

Assalamu alaikum jama'a. To ƙanwata, na saurari saƙonki. Kin ce tamomita, wato ma'aunin zafin jiki, ya fashe muku, ga tsohon abin awon hawan jini yana yoyo, wai a wace ledar sharar asibiti za ki sa, ja ko rawaya. Ai ba maganar leda ba ce, so kike ki ji ko za a haɗa su da sharar da ake ƙonawa. A'a, kar ma ki soma. Zaiba, ruwan ƙarfen nan mai ƙyalli da ke cikinsu, ba ta ƙonewa, tururi take zama, ku da marasa lafiya ku shaƙa. Ba ta da wari, kuma ko ba wuta tana tashi a ɗaki, balle da zafin Afrilu.

Wadda ta zube, a fitar da kowa tukuna, musamman mai juna biyu. Kashe fanka, buɗe taga. Ki cire zobe in na zinare ne, tana kama shi. Sa safar hannu. Ban da tsintsiya, don Allah ban da tsintsiya, farfasa ta take yi ta bi tsagar siminti. Kwali biyu za ki samu ki tattaro ta a hankali, ki zuƙe da sirinji marar allura. Ki kwantar da tocila a ƙasa ki haska, za ki ga ƙananan suna ƙyalli, su kuma ki ɗauke da salatif. In da garin farar wuta, ki barbaɗa. Duka a kwalba mai murfi... a'a, roba mai kauri ta fi, kwalba faɗuwa ɗaya ce. Ki rufe gam, ki rubuta "zaiba, guba", a kulle a wuri mai sanyi. Ban da zubawa a sinki.

Na hawan jinin nan shi ya fi damuna, don abin da ke cikinsa ya ninka na tamomita sau da yawa. Wani asibiti da na yi aiki, aka share sito aka sayar wa 'yan jari bola da tsofaffin abin awon a kilo. Na yi magana, aka ce na cika iyayi. Ina zaibar za ta? Wajen masu haƙar zinare mana, su dama ta da hannu don ta kama zinaren, su ɗora wa wuta a cokali, yara na tsaye a kansu. Har yau abin nan yana cina, wallahi. Mutum ya sa hannu a takarda, ya karɓi canjinsa, shi kenan...

To, bar wannan. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar ƙasashen duniya kan zaiba tun 2018, wadda ake kira Minamata, sunan garin Japan ɗin nan da zaiba ta nakasa mutane ta hanyar kifi, kuma ƙa'idar ita ce a daina ƙera irin waɗannan kayan da shigo da su. Saboda haka ki rubuta wa shugabanku a takarda, ya tuntuɓi NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, ko ma'aikatar muhalli ta jiha su faɗi wanda zai ɗauka. Ki riƙe kwafi a hannunki. In za a sayo sabo kuma, ki nace sai na dijital.