Waƙar da aka ɗauko daga waya, ta dace da sujada?

Tambaya: Baba Fasto, salama a cikin sunan Yesu. Ni ma'aikaciyar jinya ce daga Filato, ina aiki a Jidda. Ka san babu majami'a a ƙasar nan, don haka mu 'yan ƙalilan masu jin Hausa mukan haɗu a gidan ɗayanmu ranar Juma'a, tun da ita ce ranar hutu. Ba mu da fasto. Littafin Waƙoƙi guda ɗaya gare mu, sauran waƙoƙin daga YouTube da WhatsApp ake kawo su. Yanzu gardama ta shiga tsakaninmu a kan waƙoƙi biyu. Ɗaya tana cewa wanda ya bi Yesu ya rabu da ciwo da talauci, maƙiyansa kuma wuta za ta cinye su. Ɗayar kuwa layin godiya ne guda ɗaya ake ta maimaitawa, har wani dattijo a cikinmu ya ce wannan surutu ne kawai. Yaya za mu gane waƙar da ta yi daidai da Maganar Allah?

Amsa: 'Yata, salama gare ki da dukan 'yan'uwa da ke tare da ke. Gardamar nan taku ba ta dame ni ba. Da a ce kome aka kawo kuna rerawa ba mai ɗaga kai, da shi ne zai dame ni.

Ki fara lura da halin da kuke ciki. A gida, idan 'yan kwaya ko Zumuntar Mata suka yi waƙar da ta ɗan karkace, fasto zai hau bagade ya yi wa'azi, makarantar Lahadi tana nan, ajin baftisma yana nan, abin zai gyaru a hankali. Ku kuwa ba ku da ko ɗaya. Waƙar da kuka rera ranar Juma'a ita ce za ta bi ki ɗakin marasa lafiya har wata Juma'ar. Ita ce wa'azinku. Manzo Bulus ma haka ya ɗauki waƙa: a Kolosiyawa 3:16 ya haɗa zabura da waƙoƙi da koyarwa da gargaɗi wuri guda, a ƙarƙashin maganar Almasihu da ke zaune a cikinmu. A 1 Korantiyawa 14:15 kuma ya ce zai yi waƙa da ruhu, zai kuma yi da hankali.

Masu karkatar da koyarwa sun daɗe da gane wannan. A Masar, tsallaken teku daga inda kuke, an yi wani limamin ikkilisiya a Iskandariya mai suna Ariyus, wanda ya koyar cewa Ɗan Allah halitta ne, akwai lokacin da babu shi. Bai tsaya ga wa'azi ba, sai ya zuba koyarwar a waƙoƙi masu sauƙin kamawa, ma'aikatan jirgin ruwa da matafiya suna rerawa. Taron shugabannin ikkilisiya da aka yi a garin Nikiya a shekara ta 325 ya ƙi koyarwarsa, amma aka ɗauki shekaru masu yawa ana fama da ita a cikin ikkilisiya.

To, ga abin da za ku yi, ba ya bukatar wanda ya je makarantar tauhidi. Wani ya rubuta kalmomin waƙar a takarda, a ajiye waya, a karanta su da murya kamar ana karanta wasiƙa. Kiɗa kamar yaji ne, yakan rufe warin naman da ya kwana. Idan an karanta, ku tambayi juna: da wani zai miƙe a tsakiyarmu ya faɗi waɗannan kalmomi a matsayin wa'azi, za mu ce amin? In ba za ku ce ba, muryar mai waƙar ba ta isa ta sa ku ce ba. (Ku da ba ku da ganga ko tulu saboda maƙwabta, kuna rerawa ƙasa-ƙasa, wannan gwaji ya fi muku sauƙi fiye da mu a gida.)

Mu gwada waƙar farko. Ta ce mai bin Yesu ya rabu da ciwo. 'Yata, ke a asibiti kike, gani ya kori ji. Amma mu bar idonki, mu buɗe Littafi. Bulus ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, amsar da ya samu ita ce alherin Allah ya ishe shi (2 Korantiyawa 12:7-9). Ya bar Tarofimas a Militas ba shi da lafiya (2 Timoti 4:20). Timoti kansa yana fama da ciki da yawan laulayi (1 Timoti 5:23). Abafaroditas ya yi ciwo har ya kai bakin mutuwa, yana tsakiyar hidimar Almasihu (Filibiyawa 2:27). Allah yana warkarwa, muna kuma roƙonsa ya warkar. Amma waƙar ta ɗauki alkawarin da aka ajiye wa sabuwar sama da sabuwar ƙasa a Wahayin Yahaya 21:4, ta ce na yau ne. Ranar da ɗaya daga cikinku ya kwanta, ko aka kira daga gida aka ce mama ta rasu, waƙar za ta koma ta zarge shi da rashin bangaskiya. Nan ne illarta take.

Na san me mai son waƙar zai ce: ai akwai aya a ciki. Samun aya a cikin waƙa bai wanke ta ba. Shaiɗan ma Zabura 91 ya jawo wa Yesu a kan tsororuwar Haikali (Matiyu 4:6), kalmomin na Littafi ne, manufar ce ta ɓata. Duk ayar da kuka gani a waƙa, ku koma gidanta ku karanta abin da ke gabanta da bayanta. Filibiyawa 4:13, da ake yawan rerawa kamar alkawarin arziki, a kurkuku aka rubuta ta, kuma ayar da ke gabanta tana magana ne a kan koyon zama da ƙoshi da yunwa. Irmiya 29:11 wasiƙa ce ga waɗanda aka kwashe zuwa Babila, aya ta 10 kuwa ta ce sai shekara 70 sun cika. Baƙi irinku sun fi kowa cancantar jin ayar nan da cikakken nauyinta.

Batun wuta a kan maƙiya yana da ɗan wuya, don Zabura kanta tana da addu'o'i masu zafi, irin su 109 da ƙarshen 137. Ba zan ɓoye miki wannan ba. Amma mai zabura yana kai ƙara ne gaban Alƙali, ya bar hukunci a hannunsa. Mu kuwa an ƙara mana umarni: a ƙaunaci maƙiya, a yi wa masu tsanantawa addu'a (Matiyu 5:44), a sa albarka, kada a la'anta (Romawa 12:14). Yakubu da Yahaya sun taɓa neman a kira wuta daga sama a kan wani ƙauyen Samariyawa, Yesu ya juya ya tsawata musu (Luka 9:54-55). Kowa ya tambayi zuciyarsa, fuskar wa yake gani sa'ad da yake rera wannan layi? Sau da yawa ta kafil ce (uban gidan da ya ɗauki nauyin zaman ma'aikaci a ƙasar) da ya riƙe albashi, ko ta ɗan'uwa a gida da ya cinye riyal ɗin da aka aika na gini. Ni dai da ni ne, da na ajiye waƙar gaba ɗaya.

Waƙa ta biyu kuwa, ki gaishe mini da dattijonku da girmamawa, amma ban bi bayansa ba. Zabura 136 tana da aya 26, kowace kuma da amshi iri ɗaya take ƙarewa. Rayayyun talikai a Wahayin Yahaya 4:8 dare da rana suke maimaita “Mai Tsarki”. Maimaici ba laifi ba ne idan abin da ake maimaitawa gaskiya ne. Sai dai akwai ƙamshin gaskiya a damuwarsa: a Zabura 136, tsakanin amshi da amshi ana faɗin abin da Allah ya yi, halitta, fitowa daga Masar, raba teku. In waƙarku godiya ce kawai ba a faɗi dalili ba, ku haɗa ta da wata daga Littafin Waƙoƙi mai ba da labarin gicciye da tashin Yesu. Ku duba kuma ko an san wa ake yi wa godiyar. Akwai waƙoƙin da in an cire su daga sujada za a iya rera wa saurayi ba a canza ko harafi ba.

Halin mawaƙin ba shi ne ma'auni na farko ba, don ba ku da hanyar bincikar rayuwar kowane mai waƙa a intanet. Kalmomin ne a gabanku, su za ku auna.

Wani abu da ba ki tambaya ba: ku tattara dukan waƙoƙin da kuka saba yi, ku ga ko akwai ta tuba a ciki, ko ta kuka. Littafin Zabura cike yake da makoki, ta 88 ma a duhu ta ƙare, Allah kuma ya bar ta a cikin Littafinsa. Wanda ya bar 'ya'yansa a Jos ko Gombe yana bukatar waƙar da za ta ba shi damar zubar da hawaye a gaban Ubangiji.

Ku zaɓi mutum biyu ko uku, har da dattijon nan, su riƙa karanta kowace sabuwar waƙa kafin ranar Juma'a. Wadda ta kawo waƙar farko kuwa kada a kunyata ta a cikin taro. Ki same ta ita kaɗai bayan an tashi, ku buɗe 2 Korantiyawa 12 tare, ki bar ta ta karanta da bakinta.