Tambayoyinku kan waya da kwamfuta: kyautar giga 50 da jerin taurarin magariba

Assalamu alaikum jama'ar Damagaram da kewaye. Tambayoyin wannan makon kamar kun haɗa baki, kusan duka a kan kyauta suke. To bismilla, mu fara da ta Hajiya.

Tambaya: Malam, an turo mana saƙo a gurup ɗin WhatsApp na matan unguwa, wai kamfanin waya yana bikin cika shekaru, yana raba giga 50 kyauta ga duk wanda ya tura wa gurup biyar. Na tura, shiru har yau. Sai yaushe za su shigo? Daga wata Hajiya a Garin Malam.

Amsa: Hajiya, barka da ƙoƙari, sai dai ki daina jira, ba za su shigo ba. Ba kamfanin ne ya rubuta saƙon ba, aron sunansa da tambarinsa aka yi. Bari in gaya miki abin da kika gani, ko da ban kasance a wurin ba. Kin danna adireshin da ke cikin saƙon, aka yi miki tambayoyi uku ko huɗu masu sauƙi, sannan aka jera akwatuna aka ce ki zaɓa. Na farko babu komai, na biyu ko na uku ya fashe da murna, wai kin ci. Kowa ma haka yake ci, Hajiya, an tsara shi ne kada kowa ya faɗi. Sandar nan da ke cika idan kina turawa, ita ma ba ta san ko kin tura ba, danna maɓallin kawai take ƙirgawa.

Ribar ƴan damfarar kuwa? Tallace-tallacen da kika yi ta gani, ana biyansu a kan kowanne. Lambarki da kika rubuta ta shiga jerin waɗanda za a kira gobe da wata ƙaryar. Wani lokacin ma a sa layinki cikin wani tsari da ke cire kiredi kullum, dala ashirin, dala talatin, ba ki ankara ba. Ki duba kiredinki na kwana biyu. In yana raguwa ba dalili, ki je ofishin kamfanin layinki a cire miki.

Wannan dabara ta girmi yaran da ke turo ta. Tun 1997 wata wasiƙar imel ta zagaya duniya da sunan Bill Gates, wai zai biya duk wanda ya tura ta gaba. Riga kawai take sauyawa. Saboda yawan irin wannan yaɗa-yaɗa ne WhatsApp ya taƙaita turawa zuwa wuri biyar a lokaci ɗaya a 2019, kuma saƙon da ya sha yawo yakan zo da kibiya biyu a samansa. Da kin ga kibiyoyin nan tare da alkawarin kyauta, ki goge shi, ki kuma sanar da matan gurup cikin lalama, don wadda ta fara turowa alheri ta yi nufi.

Tambaya: An kira ni an ce na ci babur a tambola, aka ce in karanto lamba shida da za ta shigo wayata. Na karanta. Yanzu WhatsApp ɗina ya fita, kuma ana roƙon ƴan uwana kuɗi da sunana. Daga wani ɗan kabu-kabu a Zango.

Amsa: Ƙanena, Allah ya mayar da alheri. Maganarka ta gaggawa ce. Lambar nan shida ita ce makullin WhatsApp ɗinka, kuma ka miƙa ta da bakinka. Amma layin yana hannunka, shi ne ƙarfinka. Buɗe WhatsApp yanzu, sa lambar wayarka, nemi sabuwar lamba shida. Da ka shigar da ita, za a kori ɗan damfarar daga WhatsApp ɗinka. Idan ya riga ka ya sa wata lambar sirri ta mataki na biyu, za ka jira kwana 7 kafin ka shiga ba tare da ita ba, amma shi ɗin ya riga ya fita. Kafin nan ka kira iyaye da yayye da abokan tasha da murya, ka ce kada wanda ya aika ko dala ta Nita ko Amana ko wata hanya. Idan ka dawo, ka shiga saiti, wajen Compte, ka sa taka lambar sirrin ta mataki na biyu.

Kada ka ɗauka wauta ce ta kai kaɗai. A watan Yulin 2020 an kutsa shafukan Twitter na Barack Obama da Elon Musk da wasu manya, aka rubuta cewa duk wanda ya aiko Bitcoin, wato kuɗin intanet, za a ninka masa. Cikin sa'o'i kaɗan mutane suka tura sama da dalar Amurka 100,000. Tambaya ɗaya za ka riƙa yi wa mai kira: yaushe na shiga tambolar?

Tambaya: Bayan sallar magariba mun ga taurari sun jeru kamar tasbaha suna tafiya a sama, sai suka ɓace. Yara sun tsorata, wasu na cewa alamar tashin duniya ce. Daga wani dattijo a Birni.

Amsa: Baba, ranka ya daɗe, a kwantar da hankalin yara. Yadda ka kwatanta, taurarin ɗan adam ne na Starlink, na kamfanin SpaceX, wanda ya fara harba su da yawa a 2019. Roka ɗaya kan ɗauki gommai, ta sake su wuri guda, shi ya sa a kwanakin farko suke bin juna a layi, kafin su warwatsu su haura zuwa nisan kilomita 550 ko kusa da haka. Ba fitila gare su ba. Rana ta faɗi gare mu a ƙasa, amma can sama tana haska su, suna shiga inuwar duniya sai su ɓace. Ni ina son kallon nan ƙwarai, in an sake gani a kira jikoki su fito tsakar gida.

Su ne kuma ke kawo intanet ɗin Starlink da ya fara aiki a Nijar a 2025, wanda da yawanku ke tambaya a kai. Sai ka sayi farantinsa, ka kafa inda babu bishiya ko katanga da ta tare sama, ka biya kuɗin wata, sannan wayoyi su kama ta wifi. Yana son kuran, don haka inda ake yawan ɗaukewa sai da sola da batir. Ga mai shagon kwamfuta ko makaranta ko ƙungiyar agaji a ƙauye, yana da amfani sosai. Ga wanda WhatsApp da Facebook kawai yake yi, megan layinsa sun fi masa sauƙi.

Yanzu ga tamu kyautar. Tambayar watan jiya ita ce shekarar da aka mayar da babban birnin ƙasa daga Zinder zuwa Yamai. Amsa: 1926. Wata ɗaliba a Jami'ar André Salifou ce ƙuri'a ta faɗa wa cikin waɗanda suka dace, kuma ta karɓi katin memorinta hannu da hannu.

Na wannan watan fawa-bank ne mai 10,000 mAh, wato ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka. Zai cika waya mai batir 5,000 sau ɗaya da ɗan ƙari, ba sau biyu ba, don wani kaso yana tafiya a zafi da juya wuta. Sharaɗin shiga: ka aiko hoton saƙon kyautar ƙarya mafi ban dariya da ya taɓa shigo maka, ta hanyar da kuka saba aiko tambayoyi, bayan ka rufe lambobin mutane da ke ciki. Ba kuɗin rajista, ba tura wa gurup, kuma ba zan tambayi lamba shida ba. Wanda ya ci zai ga sanarwa a nan, ya zo kusa da Kasuwar Dole ranar Alhamis ya karɓa.