A'a, ba alhakin iyaye ba ne

Ƴar'uwa, kin ce an haifi ɗanki ba ya gani, dangin mijinki nan Tawa suna cewa zunubinku ne, kina tambaya ko haka Littafi Mai Tsarki ya faɗa. Bai faɗa ba. Duba Yohanna sura 9: almajirai sun yi wa Yesu wannan tambayar a kan mutumin da aka haifa makaho, ya ce ba shi ya yi zunubi ba, ba iyayensa ba, sai domin a ga aikin Allah a kansa. Ya tofa miyau a ƙasa, ya kwaɓa, ya shafa masa a ido, ya ce ya je tafkin Siluwam ya wanke. Sai da ya je ya wanke ya dawo yana gani.

Wannan tafiyar ce mutanenmu ke tsallakewa in suna wa'azi. Addu'a ba ta hana zuwa likita. Ki leƙa ƙwayar idon yaron da hasken tocila: in kin ga fari-fari a tsakiya, wataƙila yanar ido ce, kuma likita na iya cire ta. Na ga jaririyar maƙwabta da aka yi wa aikin, yanzu tana makaranta. Amma da wuri ake so, tun yana goye, kar ki bari sai ya yi wayo.