Ƙarar iska a tsohuwar Marsandi: wayarka za ta iya nuna maka inda take shiga

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da Marsandi W124, wadda aka fi sani da V-boot, ƙirar 1992. Inji lafiya lau, amma da na wuce gudun kilomita 80 a hanyar Zariya zuwa Kano sai fito da shuuu su cika motar, har wanda na kira a waya ba ya jin maganata. Bakanikena ya ce a liƙa tabarmar kashe ƙara a cikin ƙofofi. Akwai manhajar da za ta nuna mini inda iskar ke shiga kafin in kashe kuɗi? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Akwai, kuma gara da ka tambaya tukuna. Tabarmar nan aikinta hana ƙarfen ƙofa rawa, tana rage rugugin titi, amma ba ta toshe kafar da iska ke bi. Motarka ta haura shekara talatin, kuma zafin rana da ƙurar hunturu sun daɗe suna cin robobinta. A nan ya kamata zargi ya fara.

Da farko ka tabbatar iska ce. Idan ƙarar na sauyawa lokacin da ka ɗan karkata sitiyari dama ko hagu, boris ɗin taya ne. Idan tana sauyawa daga sabuwar kwalta zuwa tsohuwa, tayoyi ne. Ƙarar iska kuwa gudu take bi, kuma tana tashi da sauri: in ka ninka gudu, takan ƙaru da kusan desibel 18 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti). Shi ya sa cikin gari ba ka jin komai, sai ka hau babban titi.

In wayarka Android ce, ɗauko Spectroid. In iPhone ce, akwai NIOSH Sound Level Meter, akwai kuma Decibel X. Na fi son Spectroid a wannan aiki domin tana zana sautin, ba lamba kawai take bayarwa ba. Fito daga ƙaramar kafa yakan fito kamar siririn layi mai haske, galibi sama da 1,000 Hz (ma'aunin kaifin sauti), kuma yana nan daram muddin gudun bai sauya ba. Rugugin taya da inji suna taruwa can ƙasa, a baje. Makirfon waya ba ma'auni ne na ƙwararru ba, don haka kada ka damu da ko ya nuna 70 ko 75. Bambanci tsakanin wuri da wuri shi kake nema.

Kada kai direba ka riƙe wayar. Ɗauki mutum ɗaya ya zauna da ita. A kashe rediyo da fanka, a rufe gilasai, ka tsaya a kan gudu ɗaya, misali kilomita 90. Shi kuma ya bi da gindin wayar, inda makirfo yake, a hankali ta gefen gilashin gaba, kusurwar madubi, saman ƙofa, da bakin rufin sama idan motar na da mai buɗewa. Tazarar yatsu biyu daga jikin robar ta isa. Inda lamba ta yi tsalle da desibel 3 ko fiye, ya sa alama.

Sai gwajin salatif, wanda shi ne ke yanke hukunci. Sayi salatif ɗin takarda irin na masu fentin mota, domin ba ya ɓata fenti. Liƙe wurin da ake zargi daga waje, wuri ɗaya tak, ka sake bin titin nan, ta fuska ɗaya, da gudu ɗaya. Idan layin fiton ya ɓace daga fuskar wayar, ka kama ɓarawon. Masu liƙe ko'ina lokaci guda sukan ji shiru, amma su dawo gida ba su san wanne ne ya yi aiki ba.

A tsaye ma akwai gwaji biyu. Saka takardar naira tsakanin roba da ƙofa, rufe, ka ja. In ta zame ba turjiya, robar ta kwanta a wurin. Yi haka duk bayan taƙi ɗaya, ka zagaye ƙofar. Na biyu, kunna fanka har ƙarshe a kan iskar waje, rufe komai, ka shafa ruwan sabulu a gefen gilashin gaba daga waje. Inda ya yi kumfa, nan gam ya saki. Wannan na yawan faruwa ga motar da aka taɓa sauya wa gilashi.

Gyaran ya danganta da abin da ka gani. Robar da ta bushe amma ba ta tsage ba, wanke ta da sabulu, ta bushe, ka shafa mata giris na silikon. Don Allah kada a shafa baƙin mai ko giris na inji, kamar yadda wasu ke yi a gareji. Irin robar nan man fetur da danginsa kumbura ta suke yi, ta yi laushi, ta lalace. Wadda ta kwanta, in mai rami ce a ciki, ana zura mata siririn tiyo na silikon, kamar milimita 5 ko 6, ya tashe ta. Wadda ta tsage sai sabuwa. Ta gwanjo tsufansu ɗaya da taka.

In robar ƙalau take amma takarda na zamewa, ƙofar ce ba ta matsewa. A yi wa ƙarfen da makulli ke kamawa a jikin ginshiƙi alama da biro, a sassauta shi, a tura ciki milimita 1 zuwa 2, a ɗaure. In aka zarce, ƙofa za ta riƙa buƙatar bugu kuma robar ta mutu da wuri. Ƙofar da ta sauka saboda cin hinji kuwa aikin fanal bita ce. Ka kuma sa a buɗe bangon ƙofa a duba ledar da kamfani ke liƙawa a ciki, domin masu gyaran injin gilashi sukan yage ta su yar, iska ta samu hanya ta wajen hannun ƙofa.

Batun kira: idan ka sa rediyo mai Bluetooth, duba inda aka maƙala makirfonsa. Masu haɗawa sun fi ɗora shi a ginshiƙin da ke gefen gilashin gaba, daidai inda ƙarar iska ta fi yawa. A mayar da shi kusa da fitilar rufi ko bayan madubin tsakiya, nesa da bakin fanka, a kuma sa masa ɗan soson da yake zuwa da shi.