Tambaya da Amsa: Laifin da na yi ina ɗan 15 zai bi ni har yanzu?

Assalamu alaikum Barista. Ni ɗan Zariya ne amma tun ina shekara 9 muka dawo Los Angeles da iyayena. A 2016 ina ɗan 15 aka kama mu ni da abokai mun ɗauki takalman kambas a wani shago, wallahi ƙuruciya ce kawai, kotun yara ta sa jami'i ya sa min ido na wata shida kuma na gama lafiya. Yanzu ina son karatun nas, ga girin kad ɗina, wato katin zama na dindindin a Amurka, ya isa neman zama ɗan ƙasa, amma duk fom ɗin da na gani da tambayar laifi sai gabana ya faɗi. Mama ta ce ai da na kai 18 ya goge da kansa. Gaskiya ne?

Wa'alaikumus salam ƙanina. Ka gaida Mama, amma maganarta rabi ce, kai 18 kaɗai ba ya goge komai a California. Sai dai kai ka yi sa'a da shekarar, don tun 2015 dokar jihar, sashe na 786 na Welfare and Institutions Code, ta ce yaron da ya gama zaman sa ido yadda ya kamata kotu ce za ta rufe fayil ɗinsa da kanta, wato ta ɓoye shi daga idon jama'a, to ƙila ma naka a rufe yake kana ta zullumi a banza. Fara zuwa ofishin sa ido na gundumar da aka yi shari'ar ka tambaya.

In ba a rufe ba sai ka cike fom JV-595 na roƙon kotu ta rufe fayil, a ƙarƙashin sashe na 781, tunda ka wuce 18 ka cancanta, muddin bayan nan ba a same ka da babban laifi ko na rashin gaskiya ba. Satar takalmi ba ta cikin manyan laifukan da ake takurawa irin su kisa da fashi da makami. Da alƙali ya sa hannu, doka na ɗaukar abin kamar bai taɓa faruwa ba, mai ɗaukar aiki ya tambaya ka ce babu, ba ƙarya ka yi ba.

Amma fa a nan nake son ka buɗe kunne. Hukumar shige da fice ta tarayya ce, ba ruwanta da rufewar jiha, fom N-400 na neman zama ɗan ƙasa yana tambayar ko an taɓa kama ka ko da an rufe ko an goge. Ka faɗa. Hukuncin kotun yara a wurinsu ba ya zama an same ka da laifi irin na manya, abin da ke kai mutum ƙasa shi ne ɓoyewa a gano daga baya, ga shi kuwa za su ɗauki hoton yatsunka. Kafin a rufe fayil ɗin ka zauna da lauyan shige da fice ya faɗa maka takardun da za ka ajiye, don bayan rufewa samo su sai an sha wuya.