Tambaya da Amsa: Na ga jar Mustang ta shiga raina, in biya ko in dakata?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Dan Allah shawara nake nema. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, ban yi aure ba tukun, kuma wallahi tun ina yaro nake son motar gudu irin mai ƙofa biyun nan. To yanzu Allah ya ɗan buɗa, akwai wata Mustang ja da na gani wajen wani dila, ya ce 2016 ce, GT, 'yar Beljiyam ba a taɓa hawanta a Najeriya ba, mita na nuna mil 41,000, kuma kuɗin da ya faɗa ya yi ƙasa sosai da na sauran da na taya, shi ne ma abin da ya sa hankalina bai kwanta ba. In zan saya sai na sayar da Corolla ɗina na haɗa da abin da na tara. Abokai kowa cewa yake in biya kafin wani ya riga ni. Me zan duba?
Daga wani mai karatu, Tarauni.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Rashin kwanciyar hankalin nan da ka ji, riƙe shi, shi ne abu mafi amfani da kake da shi a cinikin nan, domin araha ba ta ado, kuma motar gudu ba ta yin araha haka kawai. Ka bar maganar wani zai riga ka, in ya riga ka Allah ya sa masa albarka, wata za ta zo.

Abin da nake so ka fara ganewa, wanda ya sayi Corolla sabuwa a Amurka ya saye ta ne don zuwa aiki da kai yara makaranta, wanda kuwa ya sayi Mustang ya saye ta ne don ya taka ta. Saboda haka duk motar gudu da ta iso Kano a matsayin ta hannu ka ƙaddara ta sha wuya har sai an nuna maka akasin haka, kuma da yawa daga cikinsu ta wajen gwanjon motocin haɗari suke fitowa, irin su Copart da IAA, inda kamfanonin inshora ke sayar da motocin da suka biya masu su kuɗi suka karɓe. Ana sayowa, a sauke a Legas, a gyara gaba a fesa fenti, kafin ta iso nan tana ƙyalli. Wannan ba laifi ba ne in an gaya maka gaskiya kuma an yi gyaran kirki, matsalar ita ce a ɓoye maka.

To ga inda za ka fara, tun kafin a kunna ta. Ka leƙa ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, akwai lambar casis, haruffa da lambobi 17 ne, ka ɗauke ta a waya, sannan ka buɗe ƙofar direba ka duba ta jikin sitikar da ke wajen, ka kuma duba ta takardun kwastan, dole ukun su zama ɗaya. Lambar nan tana magana. Harafi na 10 shi ne shekarar mota, F 2015 ce, G 2016, H 2017, J 2018, wato in ya ce maka 2016 dole ka ga G a wurin. Harafi na 8 kuma shi ne inji, a Mustang ta wannan zubin F na nufin V8 mai lita 5.0 wadda ita ce GT ta gaskiya, H na nufin EcoBoost mai silinda huɗu da tabo (turbo, na'urar ƙara wa inji ƙarfi), lita 2.3, M kuma V6 ce mai lita 3.7. Na tsaya a kan wannan ne saboda tambarin GT da na 5.0 abu ne da ake sayowa a manna, kamar yadda ake manna AMG a bayan Marsandi wadda ba ta san AMG ba, a kuma huda salansa ta riƙa ruri, mutum ya ji ƙara ya ɗauka ya samu V8. Kirga fulogi ma ya isa ya raba gardama, amma lambar ta fi sauri.

Daga nan ka rubuta lambar nan a Google, ita kaɗai, sau da yawa hotunan ranar gwanjo za su fito, ka ga motar kamar yadda take kafin a taɓa ta, gaban a murƙushe ko iyabag a fashe ko ciyawa da laka har saman taya. Ka kuma biya kuɗi kaɗan a ciro maka rahoton Carfax, zai nuna maka mil nawa ta yi a lokuta daban-daban. Matsakaicin direba a Amurka yana cin wajen mil 13,000 a shekara, motar gudu takan yi ƙasa da haka tunda wasu sai ƙarshen mako suke fito da ita, don haka mil 41,000 ba abin da ba zai yiwu ba ne, sai dai juya mita yanzu aikin mintuna ne da kwamfuta. Dubi robar fedar birki, dubi fatar sitiyari, dubi gefen kujerar direba inda ake gogawa wajen shiga, waɗannan ba sa iya ƙarya.

Wadda na fi tsoro a cikinsu duka ita ce motar da ruwa ya ci. Bayan guguwar Harvey da ta afka wa Houston a 2017 da ta Ian a Florida a 2022 motoci masu yawan gaske sun nutse, kuma irinsu suna bin hanyar gwanjo su fita ƙasashen waje. Motar haɗari ana gyara ta ta zauna lafiya, motar ruwa kuwa ba ta gama lalacewa rana ɗaya, yau gilashi ya ƙi sauka, gobe birenbos ya rikice, jibi ta mutu a tsakiyar titin Murtala Muhammad adaidaita sahu suna maka hon. Ɗaga kafet ɗin ƙasan kujera ka sa hannu, ka shinshina, ka duba ƙarfen da kujera ke gudu a kai ko ya yi tsatsa, ka ja bel ɗin kujera har ƙarshensa ka ga ko akwai shatin ruwa, ka buɗe but ka ɗaga shimfiɗar ƙasa ka duba ko akwai busasshiyar laka a lungu. In motar tana tashin turare fiye da kima ka tambayi kanka me ake rufewa.

Sai maganar kunnawa. Ka ce wa dila za ka zo da sassafe kuma kada kowa ya tayar da ita, in ka iso ka ɗora hannu a kan bonet, in da ɗumi ka ce sai gobe. Inji mai sanyi shi ke faɗin gaskiya, ƙarar ƙarafa da hayaƙi duk a sakan na farko suke fitowa. Shuɗin hayaƙi yana nufin tana shan baƙin mai, farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa ruwa ne ke shiga inji, gasket kenan. Buɗe murfin baƙin mai ka duba cikinsa, in ka ga wani abu fari-fari mai kauri a manne ka gode musu ka tafi. Kafin a tayar kuma, a ba ta wuta fitilun dashbod su kama duka, ka tabbata na inji da na iyabag da na ABS sun kama sannan in an tayar duk sun mutu, don akwai masu cire ƙwan ko su haɗa wayarsa da ta wata fitilar.

Kada ka je da bakaniken da dila ya kawo, kada kuma ka je da na Corolla ɗinka don kawai kun saba. Nemi wanda ya san motocin Amurka kuma yana da sikana, a jona ta a soket ɗin ƙasan sitiyari. In an goge laifuffukan kwanan nan, sikana mai kyau za ta nuna cewa wasu gwaje-gwajen injin ba su kammala ba, wannan ma amsa ce. A hau da ita kan rami a leƙa ƙasa, a duba ko an yi walda a ƙarfen casis, ko ƙasan ya sha gurza, ko indomin salansa, wato abin da ke tace hayaƙi, na nan ko an fafe shi an sayar. Sannan ku fita gwaji na sosai, ku bi Eastern Bypass ta ɗan miƙe ka ji yadda giya ke canjawa da ko tana ja gefe in ka taka birki, ku dawo ku shiga cunkoson Ƙofar Wambai da rana tsaka da esi a kunne ka zuba wa allurar zafi ido. Garin da zafinsa ke haura digiri 40 a watan Afrilu, motar da lagiretonta ke da rauni ba za ta kai ka damina ba. Esin ma ka jarraba shi da kyau, Mustang ɗin 2015 zuwa 2017 an san su da yoyon iskar esi ta cikin dashbod, kuma gyaran sai an sauke dashbod ɗin gaba ɗaya.

Takardun kwastan kada ka yi wasa da su. A farkon 2017 aka hana shigo da motoci ta kan iyakar ƙasa, duk wadda aka ce maka ta Kwatano ta biyo sai ka ƙara buɗe ido. Ka je ofishin kwastan da kanka a tantance diyuti da lambar casis kafin ka tura ko kwabo.

Amma ƙanena, abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne sayar da Corolla. Wannan ban goyi baya ba ko da motar ta ci duk jarrabawar nan. Motar gudu tana kusa da ƙasa sosai, tudun rage gudu da ake yi a lungunanmu kowanne sai ya daki cikinta, tayarta siririya ce rami ɗaya ya isa ya kumbura ta ya lanƙwasa rim, in ruwan Agusta ya kwanta a titi kuma ba ta da ta cewa. V8 shan mai take yi ba na wasa ba, ka kuma san yadda mai ya koma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023. Kayan gyaran Corolla ko da dare ka shiga Ƙofar Ruwa za ka samu, na Mustang kuwa wani sai an aika Ladipo a Legas, wani sai an yi oda daga Amurka da dala, motar na kwance a gareji sati uku kai kana bin adaidaita zuwa Kwari. In ba za ka iya sayenta ka bar Corolla a gida ba, sannan ka ajiye wani kuɗi daban na taya huɗu da sabis da abin da ba a rasa ba, to lokacinta bai yi ba, ka ƙara juya jarinka shekara guda. Ina so in gan ka a cikin motar nan kana jin daɗinta, ba na so in ga ka sayar da ita da asara bayan wata shida.

TAMBAYA: Salamu alaikum. Ɗana ne ya matsa sai mahaifinsa ya saya masa wata BMW 335i ta abokinsa, kuma na ji ance da ita suke wasan mota in ana biki. Shi cewa yake ai ya san motar, lafiyarta ƙalau. Me ka gani?
Daga wata uwa, Gwale.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya mana su. Motar da aka yi wasa da ita ana juyi tana hayaƙi, an riga an cinye rabin ranta. Tayoyin baya da ke juya ta sun ƙone, giyabos da akwatin da ke raba ƙarfi ga tayoyin baya sun sha zafi, robobin ƙafa sun saki. A sa wani ya leƙa cikin mazaunin tayar baya, zai ga ɓurɓushin baƙar roba a manne, a kuma duba lambobi huɗun da ke gefen kowace taya, biyun farko mako ne biyun ƙarshe shekara, 2319 na nufin mako na 23 a 2019, in na baya sababbi ne fil na gaba tsofaffi kin san dalili. Ita 335i ɗin ma a karan kanta, musamman na farko-farkon masu tabo biyu, an san ta da matsalar famfon mai da famfon ruwa na lantarki wanda ke mutuwa ba sallama, ga shi wasu masu gyaran namu sukan cire tamosta su haɗa fanka kai tsaye, abin da ke ƙara rikita irin wannan injin.

Wannan maganar mota ce. Ɗaya maganar kuma Hajiya, kin fi ni saninta, Kano ta binne 'ya'yan mutane saboda wasan nan, har da waɗanda kallo kawai suka tsaya yi a gefen titi. Ku zauna da Alhaji ku yi magana da murya ɗaya, in za a saya masa mota a saya masa wadda za ta kai shi makaranta ta dawo da shi.

TAMBAYA: Malam an kawo min Toyota 86 a kuɗi mai sauƙi, amma an ce daga Japan take, an mayar da sitiyarin hagu. Da matsala?
Daga wani ɗalibi, Kabuga.

AMSA: Da matsala ɗan'uwa. Ita 86 mota ce mai daɗin tuƙi, Toyota da Subaru suka haɗu suka yi ta a 2012, injinta lita 2.0 ne, ba ta shan mai kamar manyan Amurka. Sai dai mayar da sitiyari aiki ne da ya shafi yanke ƙarfe da sake bin layin birki da wayoyin iyabag, kuma ba ka san hannun da ya yi shi ba, a motar da za ka taka har 140 a hanyar Zariya. Alamarta ba ta ɓuya, sandar sigina na dama, waifa na sharewa ta ɓangaren fasinja, dashbod bai zauna daidai ba. In 86 kake so nemi wadda aka yi wa kasuwar Amurka, a can har zuwa samfurin 2016 Scion FR-S ake kiranta, ko 'yar'uwarta Subaru BRZ, mota ɗaya ce, sitiyarin hagu tun daga kamfani. Ita ma ka ciro lambar casis ɗinta ka bincika kafin ka ba da kafin alƙalami.